Kifin Ƙarfen Branko

Duk wanda ya zauna a Port Lincoln ya san Branko Perkovic, in bai san fuskarsa ba ya san ƙarar gudumarsa. A walda ya ƙare ƙuruciyarsa, yana facin jiragen masu kamun kifin tuna, har gwiwoyi suka ce sun gaji. Da ya ajiye aiki maƙwabta suka ɗauka za su huta, ashe sun yi saurin murna. Wani tsohon tankin gas ya jajibo daga wurin 'yan gwangwan, ya ce jirgin ƙarƙashin ruwa zai ƙera. Matarsa Noelene ta ce gara haka da ya tsaya mata a ka yana koya mata yankan albasa.

Aka yi masa dariya shekara da shekaru har aka gaji. Ran nan sai ga abu ya nutse a bakin tashar jiragen ruwa, ya kuma taso da Branko a ciki yana washe baki. Mutum biyu yake ɗauka, in sun yarda gwiwoyinsu su gogi juna.

To, gwiwoyin nan dai su suka hana shi ci gaba da shiga. A wurin wani gashin nama ya haɗu da Kelvin Zadow, manomin alkama daga can wajen Kimba, mutum mai kuɗi da saurin sha'awa. Kafin naman ya gasu sun tafa. A wannan yanki kuwa in namiji ya miƙa hannu an gama, magana zarar bunu ce. Branko ya rubuta a takarda cewa an sayar da jirgi yadda yake, abin da ya biyo baya ba ruwansa. Kelvin ya sa hannu, ya ɗaure jirgin a tirela, yana cewa 'yarsa ƙarama ta matsu ta ga kifi ido da ido.

Ran Lahadi Vesna, 'yar ƙanensa da ke aikin lauya a Adelaide, ta zo cin abinci. Branko ya miƙa mata takardar yana taƙama.

"Baffa, wa ya rubuta maka wannan?"

"Ni. Sai an je jami'a ake rubuta layi biyu?"

"To 'yar mutumin da za ta shiga ciki fa, ita ma ta sa hannu?"

Vesna ta ajiye takardar a teburi, ta ci gaba.

"Kai ka ƙera, kai ka sayar, babu wanda ya duba ya ce ya yi. In wani abu ya same ta, wannan takardar ko teburi ba za ta goge maka ba. Inshora ba ta san da zamanka ba. Gidan nan ma sai ya tafi a diyya."

"Gida?" in ji Noelene. "Ka ji ko, tsoho?"

Ya ji, amma ba gidan ne ya dame shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya san tagar hagu tana ɗan tsattsafo da ruwa in an yi nisa ƙasa. Ya san makunnin iskar yana cijewa, sai an koma da shi baya kafin ya saki. Ya faɗa wa Kelvin duk wannan, amma a tsaye, mutumin yana ɗaure igiya yana cewa to, to. Tsoro ya kama Branko irin wanda bai taɓa ji ba ko a ƙasan teku. Ya buga waya ba a ɗauka ba, lokacin girbi ne. Zuwa karɓo abin da aka tafa a kansa kuma abin kunya ne, har abada a mashaya za a riƙa nuna shi da baki.

Noelene ce ta ajiye masa makullin mota kusa da shayinsa. "Kunya ba ta kisa. Tashi."

Bai kai ga gidan Kelvin ba ya taka birki. Manoman tudu ba sa sayen akwatin wasiƙa, abin da ya mutu a gida shi suke kafawa a bakin hanya, wani tsohon firji, wani garwar madara. Ga jirgin Branko nan a kan turaku biyu, an rubuta masa Zadow da farin fenti, tumaki suna kiwo a inuwarsa.

Kelvin ya iso a tarakta yana sosa ƙeya.

"Mutumina, kada ka gaya wa kowa. A tsakar gida na shiga gwaji, matata ta rufe murfin, na kurma ihu. Ban san ina da murya haka ba. Ta ce in ya taɓa ruwa da 'yarta in nemi wurin kwana."

"Bai taɓa ruwa ba?"

"Ko na sama, bana ai fari aka yi. Sai dai mai kawo wasiƙu yana ƙorafi, wai murfin zai karya masa baya."

Branko ya zauna daɓas a bakin kwalta. Daɗi ya cika shi. Can ya ɗago.

"Kana da injin yankan ƙarfe?"

Da hannunsa ya tsaga cikin jirgin don a sami ƙofar jefa wasiƙa, daidai inda ya fi wahala a kan waldarsa. Ya ji zafin abin ƙwarai, bai kuma tsaya ba.

"Ya isa haka," in ji Kelvin. "Wasiƙa ce fa za ta shiga, ba rago ba."

"Bari in ƙara," in ji Branko, ya sake kunna injin. "Wata rana za a sami wani mai taurin kai irina ya ce zai iya toshewa."