Hajiya Zero a Bayan Kabu-kabu

Ko da zan manta sunayen duk malaman da suka koyar da ni, ba na jin zan manta da shekarar da na zauna jarabawar birebe, ta kammala ƙaramar sakandare, karo na biyu a Malbaza. An daɗe, yanzu ma ni ce nake tsayawa gaban allo ina koyarwa, amma abin yana nan daram a kaina.

A karon farko ba rashin karatu ya kayar da ni ba, ƴan ajinmu shaida ne. Tsoro ne kawai. Ranar lissafi, ana ajiye mini takarda hannuna ya kama rawa, bik, wato biro, ya ƙi tsayawa a yatsuna, kaina ya yi fayau kamar an goge allo. Haka na zauna ina kallon bango har lokaci ya cika. An bar ni na maimaita aji, amma darekta ya gaya wa babana a fili cewa wanda ya faɗi sau biyu, lakwal, wato makarantar gwamnati, ta gama da shi. Mu kuwa ba mu da halin makarantar kuɗi. Wato ko in ci, ko in koma ƙauyenmu can wajen Dogarawa in rungumi turmi.

Da jarabawa ta matso, gidanmu ya koma kamar inda ake jinya. Innata ta hana ni daka, ta hana ni zuwa rijiya. In na shigo ana hira, sai a yi tsit. Kowa ya gan ni sai ya sassauta murya ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, ba komai." Ni kuwa duk wanda ya ce mini ba komai, sai in tabbata akwai komai. Na san don ƙauna suke yi, amma wallahi lallashin nan ƙara mini tsoro yake.

Ana jibi za a fara, aka kai ni Malbaza gidan gwaggona, ƙanwar babana. Tana da ɗa wanda ya girme ni da ƴan shekaru, ɗan kabu-kabu ne, mai bakin tsiya. Taubashina ne, kuma kun san tsakanin taubasai babu kara: duk abin da ya yaɓa maka, ko ka rama ko ka haɗiye, ba wanda zai shigar maka. Shi aka ɗora wa kai ni da ɗauko ni.

Safiyar farko na sha koko, kokon ya dawo. Na zauna bakin ƙofar ɗaki da hijabi a hannu na kasa sawa, gwaggo tana shafa mini baya tana addu'a. Sai ga shi ya turo babur cikin gida, ya dube ni sama da ƙasa.

"A'a, Hajiya Zero, ba ki shirya ba? Tashi mu tahi ki ɗumama musu banci."

Gwaggo ta ɗaga ludayi. "Kai, ba ka da imani? Ba ka ganin halin da take ciki?"

"Inna, mi na ce? Ai taimako nike. Na ma samo mata wuri bakin tasha, kusa da mai shayi. Tana hitowa sai ta kama suyar awara."

Ban san lokacin da na zura hijabin ba. Na hau babur muka fita. Mun kai mahaɗar da ƴan kabu-kabu suke taruwa, sai mutumin nan ya taka birki, ya ɗaga murya. "Jama'a, ku gan ta nan! Bara ta ba gwamnati farar takarda, bana ta ce sai ta kai musu ta biyu." Suka kwashe da dariya, wani har da buga tankin babur. Na ji kamar in tsage ƙasa in shige. Na kai masa dundu a baya, na ce, "Allah ya isa! Kai da ko sunanka sai ka yi zufa kake rubutawa?" Ya ce to, mu gani a ƙasa. Har ƙofar makaranta muna cacar baki.

Abin da ban lura ba sai daga baya shi ne, tun daga gida har na zauna kan bancina ban tuna da tsoro ba. Babu wurinsa, haushi ya cika ko'ina. Da aka raba takardu rawar hannun ta so ta dawo, sai na tuna dariyar ƴan kabu-kabun nan, na ce a raina yau ko hannun zai cire sai ya yi rubutu. Na danne takardar da gwiwar hannu na fara. Layin farko ya fito a karkace, na biyu ya ɗan miƙe, daga nan ban sake bi ta kan hannun ba.

Haka muka yi har aka gama. Da rana ya kawo mini shinkafa da wake daga gida, ya cinye rabi a gabana, wai kan da babu komai a ciki ba ya buƙatar abinci da yawa. Ranar lissafi kuwa cewa ya yi in gaida masa bangon bara. Tambayar farko ta gagare ni, amma na tsallake ta na kama ta biyu, don na rantse ba zan fito in ba shi abin faɗa ba.

Ranar kiran sakamako filin makaranta ya cika maƙil, ga zafin farkon damina. Wani malami ya hau tebur da lasifika yana kiran waɗanda suka ci. Da na ji sunana ban yi guɗa ba, ban yi kuka ba. Abu ɗaya ne a raina, in nemo taubashina in zuba masa duk abin da na tara. Na fito ƙofa, ga babur ɗinsa a gindin bishiyar bedi, shi babu.

Wata dattijuwa mai sayar da ruwan sanyi a wurin ta ce, "Ɗiyata, mai babur kike nema? Ai yaron nan ya ba ni tausai. Tun ranar da kuka fara, in ya sauke ki ba ya gusawa daga nan sai in zai ɗauko miki abinci. Fasinja ya zo, ya ce babur ya lalace. Ruwa ma in na miƙa mishi, rabi a ƙasa yake zubewa. Duba bayan katanga."

Na zagaya. Yana tsugune ya ba katanga baya, ya toshe kunnuwansa biyu da yatsu, ya runtse ido, leɓunansa suna motsi. Ƙaton mutum, mai gemu. Na daɗe tsaye a kansa bai sani ba. Da na taɓa kafaɗarsa ya zabura, ya kafe ni da ido yana jiran ya ji.

Na ce, "Na ci."

Ya sauke wata irin ajiyar zuciya, ya goge fuska da gefen riga, ya miƙe yana kakkaɓe wando. Sannan ya ce, "To, sun yi kuskure ke nan. Hau mu gudu tun ba su gane ba." Duk maganganun da na shirya suka bi iska, na hau muka tafi.

A gida ne gwaggo ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Ni a zatona son babur ne ya raba shi da karatu. Ashe shi ma ya zauna wannan jarabawa, a wannan makaranta, tsoro ya kama shi ya tashi ya fita tun ba a yi nisa ba, bai sake komawa ba. Ta ce a lokacin kowa lallashinsa ya yi ta yi, har ita. Na tambaye shi daga baya ko da gangan ya yi mini abin da ya yi. Ya ce shi bai san zancen ba, kuma har gobe bai amsa ba.

Abin da na koya shi ne, mai jin tsoron jarabawa ba ya son a riƙa kallonsa kamar marar lafiya. Yana son wanda zai ɗauke shi yadda ya saba, ya ja hankalinsa wani wuri har ya kai bakin ƙofa, sauran kuma shi zai yi da kansa. Na kuma gane cewa ba duk mai tausaya maka ne yake nuna maka a fuska ba. Wani ɗauke maka tsoron yake yi, ya koma bayan katanga ya ji shi shi kaɗai.