Shekarar da Rana Ta Shanye Rijiyar Abokina

Shekarun baya, bayan na gaji da koyarwar kwantaragi a lakwal ɗin ƙauye, wato makarantar boko, na tattara 'yan komatsaina na koma gida wajen Galma, na kama aikin garka tare da mahaifina da wana. Albasa muke yi a fadama kamar kowa. Wanda bai taɓa noman rani da injin ban ruwa ba, ba zai san wahalar isansi, wato man fetur, ba. Injin ya sha, ya yi tari, ya turnuƙe ka da hayaƙi. In mai ya yanke a kasuwa kuma, kana ji kana gani shuka ta kwanta.

Ana nan sai wani porje, wato aikin tallafin manoma, ya zo, wata injiniya mai haƙuri ke jagorantarsa. Sunka kafa mana faranten hasken rana, waɗanda muke ce wa pano, da famfuna marasa hayaƙi. Sunka binne wasu 'yan ƙarafa cikin ƙasa, sunka zura wasu cikin rijiyoyi. Duka an haɗa su da wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke auna damshin ƙasa da zurfin ruwa da yanayin sama. Kowace safiya sai ta aiko da saƙon murya a waya: garkar wane ta sha yau, ta wane ta huta. In garka ta sha rabonta, famfon ya tsaya da kansa.

Ranar da anka buɗe aikin, injiniyar ta tara mu ta ce, "Ba don ku huta da sayen mai kaɗai munka kawo ta ba. Ruwan da ke ƙarƙashin fadamar nan ƙwarya guda ce, kowa da ludayinsa. Ita aikinta ta riƙa faɗa muku abin da ya rage cikin ƙwaryar."

Tsofaffi sunka sa wa na'urar suna mai duba. Da yake ni ne na yi boko, ni anka damƙa wa wayar. Kowace safiya ina tsakiyar manoma ina kunna saƙon, ina gyara tsayuwa, kai ka ce ni na ƙera ranar da hannuna.

Shekarar farko ta yi daɗi. Fadama ta yi tsit, har mahaifina ya ce rabonsa da jin kiran azahar daga cikin garka tun yana saurayi. Albasa ta yi kyau, kuma ba mu ƙona ko ɗigon mai ba.

Ina da aboki makiyayi, tare munka tashi. A gida Tamajaƙ suke yi, a kasuwa Hausa. Rijiyar danginsu tana can saman fadama, tun kakansa suke shayar da shanu wajenta. In mun cire albasa yakan koro garkensa su kwana a filinmu su bar mana taki, mahaifiyarsa ta aiko wa tawa da nono. Mushe yake ce mini, yadda 'yan lakwal ke kiran malami, don ba'a. Yakan tsaya ya saurari saƙon ya ce, "Mushe, tambaye ta ko saniyata mace za ta haihwa."

Damina ta gaba ruwa ya yi gardama. Gero bai kai ko'ina ba. Da lokacin dashe ya zo, sai mai duba ta canza magana. Ta ce ruwan ƙasa ya ja baya sosai, a rage filin da za a dasa, wasu fangaloli a sa abin da bai cika shan ruwa ba. A daidai lokacin kuma albasa ta yi daraja, manyan motoci na ta shigowa Madawa suna nema.

Wa'adin porje ya riga ya ƙare, injiniyar ta koma birni. Na kira ta. Ta ce, "Kan ruwan sama tana iya kuskure. Amma zurfin rijiya ba hasashe take yi ba, aunawa take. Shawara taku ce, ba tata ba. Ku dai yi ta ido buɗe."

Anka yi taro ƙarƙashin gawo. Wana ne ya fara magana. Ya yi shekaru yana ci-rani a Kurmi, can kudu, ya dawo hannu wofi, rumbunsa bai kai rabi ba, kuma samarinsa biyu sun fara zancen tafiya bida, wato neman kuɗi a waje.

"Da can mai ka tsaida mu," in ji shi. "Yanzu Allah ya ba mu rana kyauta, kuma ƙarhe shi ce muna kada mu sha? In na rage hwangalina, mi ɗiyana za su ci? Muryar waya?"

Na ce, "Yaya, in ruwan ya ƙare fa?"

Ya ce, "Mai ɗiya guda ka tunanin baɗi. Ni bana nike bida in ƙetare."

Abokina ya zo taron duk da ba ya cikin ƙungiyarmu ta manoman porje. Ya tsaya daga baya, sandarsa a kafaɗa. Ya ce tun da sanyi ya shigo yake ƙara wa gugansa igiya. Wani dattijo ya amsa masa da cewa ruwa na Allah ne, wanda ya ba da jiya shi zai ba da gobe. Na dubi mahaifina. Kansa na ƙasa, yana jan tasbaha. Daga baya ya ce mini bai san yadda zai zaɓa tsakanin ɗansa da maƙwabcinsa ba. Anka ɗaga hannu, mu masu son a rage dashe munka sha kaye.

Su wana sunka ɗauko wani mai gyara daga Madawa, ya haɗa wayar pano da famfo kai tsaye, ya tsallake na'urar. Waɗanda ba su cikin ƙungiya ma sunka sayo nasu pano a kasuwa, sunka buɗe sabbin garake har gindin dutse. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ruwa na kwarara, ba ƙara, ba hayaƙi. Mai duba ba ta daina aiko da saƙo ba. Ina kunnawa, masu saurare na raguwa, har ya zama ni kaɗai nake ji.

Da bazara ta yi tsanani, gugan abokina ya fara fitowa da laka. Shi da ƙannensa sunka shiga yasar rijiyar, sunka tarar da dutse. Na riƙa kai masa ruwa cikin tano, wato duro, a amalanken jaki, amma wannan ko maruƙa ba ya isa. Kukan shanu masu ƙishirwa ba irin na kullum ba ne. Har garka muke jiyo shi, kuma ba wanda ke duban wani.

Abokina ya kora garken ya yi arewa, wajen duwatsun Keita, inda aka ce akwai sauran ruwa a wani tafki. Da sunka isa, kowa ya riga su. Shanun sun rame, sunka riƙa faɗuwa a hanya. Waɗanda sunka rage mahauta sunka karɓa.

Da ya dawo ɗaukar mahaifiyarsa na je na same shi yana kwance bukkarsu, za su tashi. Na ce masa ya yi haƙuri.

"Ba ni hushi da kai, Mushe," in ji shi. "Ko yayanka ban ga laihinai sosai ba, yunwa ta. Amma ka san mi? Da can hayaƙin injinku ka damunmu, muna zagi. Ashe shi ka tsaronmu. Isansi na ƙarewa ku tsaya. Rana ba ta ƙarewa."

Wannan shekarar manoma sun samu. Wana ya yi rufin kwano. Shekara ta biye, famfunanmu sunka fara zuƙar iska. Masu hali sunka haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse mai zurfi, sunka ƙara janye abin da ya rage. Mu ƙanana munka tsaya kallo. Wana ya koma Kurmi, wannan karon har da samarin nasa. Garkar mahaifina ta koma fili, akuyoyi ke yawo ciki. Panonmu yana kan ɗakina yanzu, ina yi wa mutane cajin waya.

In na ji a rediyo ana cewa irin wannan basira za ta rage ƙona mai, ta taimaki duniya kan canjin yanayi, ba na musu. Na gani da idona, ta rage, kuma ba ta taɓa yi mana ƙarya ba. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake gaya wa mai rumbu wofi ya bar ruwa a ƙasa saboda shanun wani. Na juya maganar shekara da shekaru, har yau ban ga abin da zan faɗa a gindin gawon nan da zai sauke hannuwan mutane ba. Shi ya sa in anka ce za a kai irin aikin wata fadama, gabana ke faɗuwa.

Abokina yana tashar Madawa yanzu, dako yake yi, yana loda buhunan albasa a manyan motoci. Bara na gamu da shi. Munka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Rijiyarmu fa?"

Na ce an rufe bakinta da ƙaya, kada yara su faɗa.

Ya ce, "Sun kyauta." Ya duƙa, anka ɗora masa buhu.