Inna Kulu Ta Je Ta Ga Teku, Kuma Ba Laifi Ta Yi Ba

Ina shanya kayan yara a gidana da ke unguwar Gesse a Birnin Kebbi ƙanena Bashiru ya kira ni daga Argungu. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Yaya, Inna ta cika." Na zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen zane a hannuna ina maimaita innalillahi. Hawan jinin da ta yi shekaru tana fama da shi ne ya kayar da ita da hantsi, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Na so a ce hawaye kaɗai zan zuba a wannan rubutu. Abin da kunnena ya ji a zaman makoki ne ya hana.

Mahaifiyarmu, Hajiya Kulu, da turara shinkafa ta raine mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ta jiƙa, ta ɗora a wuta, ta shanya, ta kai inji, har hayaƙi ya rine mata idanu. Ba ta taɓa ɓoye tsakuwa ko ɓarzajjiyar shinkafa a ƙasan buhu ba. Takan ce, "Wanda zai ci bai yi min komi ba." Shekarar da ruwa ya cinye gonakin fadama, tukunyarta ba ta sauka ba, kuma ba ta tambayi yaron da ya miƙo kwano ɗan wane ne ba. Ta sauke farali, ta aurar da mu, ba ta nemi komai don kanta ba.

Sai bara, bayan an gama girbi, ta ce da ni, "Hadiza, ina son in ga ruwan da ba a hango gaɓar tsallake. Kwana kaɗan kawai, in dawo."

Akwai mata biyu 'yan kudu da ke sarar shinkafarta a kasuwar Birnin Kebbi, duk sun tsufa a garin, Hausa a bakinsu kamar tamu. Iya Sikira 'yar Legas ce, Madam Afiyon kuma 'yar Kalaba. Da suka ji labari, kowacce ta ja nata. Madam ta ce, "Hajiya, Legas hayaniya ce, mota za ta riƙe ki a titi har ki manta abin da ya kawo ki. Ki zo Kalaba, gari tsaf, ga itatuwa, ga kifi, ki kwana ɗakin uwata." Iya Sikira ta ce, "Wanda bai ga Legas ba ai bai fita ba."

Inna ba ta yi gaggawa ba, don ba ta yanke magana sai ta auna ta. Ta tambayi inda masallaci ya fi kusa da masauki. Ta tambayi wace hanya ce za ta fi yi wa gwiwarta sauƙi. Zuciyarta ta fi karkata ga Kalaba, saboda ba ta son cunkoso. Daga ƙarshe ta dubi Madam ta ce, "Gaya min gaskiya, in na tsaya bakin ruwanku, ina hango tsallake?" Madam ta ce a cikin gari kam babban kogi ne, sai an ƙara tafiya kafin a kai teku sosai. Inna ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, gulbi ina da shi bayan gida. Yi haƙuri, Legas za ni."

Ni na raka ta. Da muka isa bakin ruwa ta tuɓe takalmi, ta tsaya tana kallo. Igiyar ruwa ta taho ta jiƙa mata gefen zane, ba ta ja da baya ba. Ta ɗebo da tafin hannu ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce, "Ashe da gaske gishiri ne!" Sannan ta zauna ta yi ta tasbihi. Tun da nake ban taɓa ganin uwata zaune hannu ba aiki ba sai a wannan yammaci.

Wannan tafiyar ce aka mayar abin zargi tun ba a share makoki ba. Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifinmu, ta ɗaga murya cikin mata ta ce, "Tun da ta tahi yawon teku ba ta ƙara lahiya ba. Mace da jikoki, mi ya kai ta?" Wasu suka gyaɗa kai. Na buɗe baki, kuka ya riga ni. Madam Afiyon ce, wadda aka ƙi garinta, ta ce, "Hajiya Kulu ta fi shekara goma tana shan maganin ciwon nan. Hayaƙin da ta sha ba ku gani ba, sai iskar kwana kaɗan?"

Ni ma tambayata ke nan. Duk tsawon shekarun da Inna ta yi a gaban wuta, wa ya taɓa cewa ta huta? Wa ya karɓi ludayin ko da yini guda? Mazan dangin nan suna zuwa Kwatano su dawo, a yi musu barka da hanya. Ita da guminta ta je, da 'yarta ta je, ba ta bar salla ko ɗaya ba. Ba zan yarda jikokinta su taso suna jin cewa kakarsu yawo ne ya kashe ta ba. Kwananta ne ya ƙare, kamar yadda na kowa zai ƙare.

Ya Allah, Ka gafarta wa Kulu, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya idanun da hayaƙi ya ƙona saboda mu. Ka ba ni da Bashiru da sauran ƙannenmu haƙurin rashinta. Ka saka wa matan nan biyu da alheri. Gwaggo kuma, Ka shirye ta, Ka kuma ba ni ikon gaishe ta gobe da zuciya ɗaya, don Inna ba za ta yarda in yi gaba da kowa a kanta ba. Amin.