Zanen da Ya Hana Mu Iri

Gidimuni, Talata

Da kiran assalatu na fito, a shekara ta biyu da sama ta yi mana rowa. Tafki ya ja da baya har awaki na yawo inda muke wanki. An raba irin gero a gari, kowa ya miƙa katinsa, na'ura ta faɗi tiya nawa zai samu. Da aka zo kaina, ta ce babu. Baki tara ne a gidana, maigidana Malam ya rasu da sanyi, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Aka ce mini jikana Laminu ne ya koya wa na'urar magana, can Damagaram. Na ce to, shi zai amsa mini.

Na naɗe katin a ɗankwali. Kun san halin garinmu, matafiyi ba ya fita da ƙunshi tsirara. Maƙwabciyata Fanna ta zo da zane, ta ɗora kuka, ta ɗaure a kan nawa. Ta Sallah ta ƙara nata da dabino. Matar liman ta ƙara da gishiri. Ba wadda ta buɗe na 'yar'uwarta. Kafin in kai tasha, katin da bai kai tafin hannu ba ya zama kayan da sai an ɗora mini.

Direba ya ce, "Iya, ke dala ɗari uku, kayanki dala ɗari."

"Kati ne, ɗan nan."

"To katin zai hau saman mota."

Muka tashi ƙarfe bakwai saura kwata.

Mirriya

Tara da rabi muka iso, kilomita hamsin da 'yan kai, in ji direba. Ƙanwar Fanna na jira a bakin kasuwa, ta ƙara zane da barkono. Gaba kaɗan jandarma ya tsayar da mu a shinge, ya sa aka sauko da kayan.

"Madam, mene ne a ciki?"

"Wannan zanen dai na barkono ne. Sauran sai ka tambayi na cikinsa."

Ya kwance. Na ce wannan na gishiri ne, ka tambayi na ciki. Ya kwance. Fasinjoji suka sauka suka nemi inuwa, wani har ya yi aski. Da ya kai ga kati, ya dube shi, ya dube ni.

"Duk wannan don wannan?"

Na ce, "Kowa ya ƙara abin da Allah ya hore masa."

Shi ya mayar da ɗaurin, ina faɗa masa wanda ke bin wani.

Damagaram

Da azahar muka shiga. Na sauka gidan Laminu a Zango, muka ci tuwon masara da kukar Fanna. Washegari ƙarfe takwas na bi shi biro, wato ofishinsu, da ragowar ƙunshina a ka.

"Amarya, ki bar kayan a ƙofa mana."

"Angon da ya hana ni iri ba ya ba ni umarni. Nuna mini maƙaryaciyar."

Ya kunna ordinater, kwamfutarsu ke nan, ya ce in saurara. A cikinta, in ji shi, kowane gida abu ne guda, amsa ɗaya ya sani: tiya nawa. Ba a taɓa shi. In gida na da marayu, sai a naɗe shi da wani zanen rubutu. In an yi tambaya, zanen ya tambayi na ciki, ya ƙara tiya biyu, ya ba da amsa. In da mai goyo, a ƙara wani zanen a kai. Mai tambaya daga waje bai san zane nawa ba ne, amsa kawai yake ji. A lakwal, makarantar bokonsu, wai dekoratar ake ce wa wannan dabara.

Na ce, "Shekara nawa ka yi kana koyonta?"

"Uku."

"Fanna ba ta yi ko kwana ɗaya ba. Kwance ni."

Ya kira sunana a na'urar. Zane uku aka naɗa mini: na marayu a ciki, na tsufa, sai na rasuwar maigida a waje. Na sa ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar jandarma. Na marayu ya tambayi na ciki. Na tsufa ya tambaya.

"Na wajen fa, me ya ce wa na cikinsa?"

Laminu ya matsa kusa da gilashin. Ya cire hula.

"Bai tambaya ba, Kaka. Kamata ya yi ya tambaya, ya cire rabon Malam kaɗai. Shi kuwa daga ya ji rasuwa sai ya ce babu."

"Ni kaɗai?"

Ya ce duk matar da mijinta ya rasu bana.

Na ce, "Laminu, zanen da ya rufe bakin na ciki, ai likkafani ne. Da ranmu ka naɗe mu."

Layi ɗaya ya gyara. Ban gama tauna goro ba na'ura ta ce tiya goma sha ɗaya. Na sa ta maimaita sau uku, don wanda ya yi ƙarya sau ɗaya ba a sake masa fuska da wuri.

Komawa, Alhamis

Matar Laminu ta naɗe katin, ta ɗora sabulu, maƙwabtanta suka ƙara nasu. A shingen Mirriya jandarman ya hango ƙunshin tun daga nesa, ya ɗaga itacen da kansa, ya juya baya.

La'asar na shiga Gidimuni. Ran Asabar mu goma sha huɗu masu takaba da waɗanda suka fita daga ita muka karɓi irinmu, ran Lahadi na yi binne a gonar Malam, ƙasa busasshiya ƙamas. Na gode wa Allah, na gode wa direba da jandarma da duk wadda ta ba da zane. Saura ɗauri guda a kan gonar nan, na ruwa. Wannan kuwa ba a biron Laminu yake ba.