Faifan da Tanko Ya Ce Ya Tsage

Shekara bakwai ke nan da muka binne Tanko, makaɗin noma na Ƙarfi. Sanƙarau ya ɗauke shi da bazara, cikin kwana uku. Ni na haƙa kabarinsa. Sunana Nomau, ni ne Sarkin Noman Ƙarfi. Ban yi boko ba, ban yi allo ba. Malamin gona ne ke rubuta wannan, kuma na ce masa abin da na faɗa shi zai sa, kada ya gyara mini. Shekara shida ina tuna Tanko da alheri tsantsa. Bana abin ya canza, shi ya sa nake magana.

A ƙauyukanmu, mu da ba mu salla, manomi ba shi da abin da ya fi takensa. Ba sayensa ake yi ba. Ranar gayya makaɗi yakan tsaya a bakin gona da gangarsa yana kallon maza. Wanda ya ga ya isa, sai ya yi masa kiɗa da waƙa nasa shi kaɗai. Duk inda aka kaɗa wannan taken, an san da wa ake. Ranar da mutumin ya mutu, da shi ake raka shi kabari, daga nan ba a ƙara kaɗa shi.

Nawa na samo shi a wata gayya da aka kira mu wajen Mahuta, muna samari. Gonar laka ce. Kafin rana ta yi tsaka bakin garmata ya lanƙwashe. Na jefar da ita, na karɓi ta wani da ya zauna yana haki, na ci gaba da huɗa. Sai na ji Tanko ya juya kiɗa ya ɗaga murya: “Garma ta gaji, Nomau bai gaji ba.” Shi ke nan ya zama nawa. Bayan haka cutar agana ta ɗauke mini 'ya'ya biyu a mako guda. Matata ta fari ta bi su. An yi shekarar da muka ci dusa. Duk abin da na rasa, ban rasa wannan ba. In na kasa tashi, Tanko yakan zo ƙofar gidana ya kaɗa shi, sai in tashi.

Ana saura kamar shekara uku a sami 'yancin kai, wani Alhaji mai sayen auduga a Funtua ya sa Tanko a mota ya kai shi Kano, inda wasu suka zo da injin ɗaukar murya. Ba zan faɗi sunan Alhajin ba. An riga an faɗe shi inda bai kamata ba. Da kaka ta zagayo sai ga Tanko da garmaho, baƙin akwati mai hannu a gefe, da faifai shida da ɗan gwangwanin allura. Ya ce masu injin ne suka ba shi. Mu ba mu taɓa ganin irinsa ba. Da la'asar yakan fito da shi gindin tsamiya, ya wana, ya ɗora allura, gari ya taru. Tsofaffi na leƙa ƙarƙashinsa suna neman masu waƙar.

Faifai biyar yake sawa, duk na wasu makaɗa. Na tambaye shi ina nasa. Ya ce, “Ya tsage a hanya, Nomau. Motar Funtua ba ta san abin kirki ba.” Ya naɗe na shidan da tsumma ya soke shi a rufin ɗakinsa. Ban sake tambaya ba. Mutumin da ya taya ni binne 'ya'yana, me zai sa in bincike shi?

Akwai abin da ya faru a lokacin da har yau in na tuna shi sai in ji kamar in nutse. Na kai auduga kasuwa. Masu lodin motocin Funtua suna jefa buhuna, ɗaya na fito da baki, sauran na amsawa da gunguni. Takena ne. Na tsaya da kaya a kai ina saurare. Na ce a raina, ashe sunana ya kai birni. Na dawo gida na gaya wa Tanko, har na sayo masa tulun giya. Ya sha. Ya shanye shi tas.

Yanzu garmaho ya zama tsohon yayi. Rediyo mai batir ta shigo, kowa ya manna kunne yana jin labarin yaƙi. Allurar ma an daina kawo ta kasuwar Bakori. Bana, bayan an gama yankan dawa, Kande matar Tanko ta aiko mini. Za ta koma wurin 'yarta a Bakori, ɗakin marigayi kuma rufinsa ya fara zubewa. Na tarar ta fito da akwatin tsakar gida, gara ta ci gefe guda.

Ta ce, “Sarkin Noma, ga kayan abokinka. Surukina yana da rediyo, ba zai bari in shiga masa gida da wannan tarkacen ba. Ka ɗauka, ko ka ba maƙeri.”

Na ce, “Ina wanda ke cikin tsumma?”

“Wannan ka bar shi. Fasasshe ne.”

“Fasasshe shekara goma sha biyu, ba a yar ba?”

Ta ce, “Kai dai tsufa bai rage maka taurin kai ba.” Amma ba ta dube ni ba.

Na shiga ɗakin, na miƙa hannu na zaro shi daga rufi na kwance. Ko ƙwarzane babu. Allura ɗaya ta rage a gwangwani, ta yi tsatsa, na goga ta a dutse. Na wana yadda na saba ganin yana yi. Ya yi ƙara kamar ruwa a kan kwano, sai ganga ta shigo. Gangar Tanko. Hannunsa ne, ba na wani ba. Na zauna a kan turmi. Shekara bakwai ban ji muryarsa ba.

Sai ya ɗaga murya ya ce garma ta gaji, Alhaji bai gaji ba. Ya faɗi sunan mutumin cikakke, da na ubansa. Bai canza kiɗa ba, bai canza kalma ko ɗaya ba sai sunana. Mutumin da tafin hannunsa ya fi na jariri laushi, wanda iyakar sanin da ya yi wa gona shi ne kallon sikeli. Na bari ya kai ƙarshe. Sau tara ya faɗa.

Na ce wa Kande, “Kin sani?”

Ta ce, “Sarkin Noma, wa bai sani ba? Duk mai shayi a Funtua ya sa faifan nan har ya gaji da shi. Alhajin ne ya ba shi garmahon. Mai gari ya ce kada wanda ya gaya maka, za ka iya yin kisa.”

Ashe duk la'asar ɗin da muka yi a gindin tsamiya, da sunana aka sayi abin da nake tafa wa. Ashe mutanen da nake wa gayya, in gama musu gona kafin azahar, kallona kawai suke yi. Kande ta ce ya yi nadama, wai yakan zauna ya ƙura wa rufin ido. Ta ce in sake saurare, zan ji muryarsa ta ɗan sarƙe a karon farko da ya zo kan sunan. Na ji. Ta sarƙe kuwa. Amma sauran takwas ɗin sumul suka fita.

Nakan tambayi kaina me Tanko zai ce da wannan zamani. Ina jin zai ji daɗinsa. Gayya ta ragu, masu hali sun sayi shanun huɗa, shanu kuwa ba su bukatar take. A rediyo daga safe har yamma 'yan kasuwa ake wasawa da kirarin da a da sai an zubar da gumi ake samu. Tanko ya hango haka tun kafin mu. Wayo ne da shi. Da ya zo ya ce mini, Nomau, ina son akwatin nan, ara mini takenka, wataƙila in zage shi, wataƙila in ce je ka. Bai ba ni damar ko ɗaya ba. Ya ci gaba da zuwa ƙofata yana kaɗa mini abin da ya riga ya sayar.

Ga yadda na yi da kayan. Akwatin na cire kayan cikinsa na ba Kande, ta zuba zare da allurarta ta tafi da shi Bakori. Ƙarfen ciki mai naɗewa na kai wa maƙeri, ya ce ƙarfe ne mai kyau, ya fitar da askake huɗu. Faifai biyar ɗin na rataye su a gonar rani, suna juyawa suna korar tsuntsaye. Na shidan na ɗora shi a kan dutsen niƙa, na ɗaga taɓarya. Na daɗe a haka. Na kasa. Duk duniya babu inda muryar Tanko ta rage mini sai a nan, kuma da ita yake kiran wani.

Ban ce mugun mutum ba ne. Ya ɗauki gawar 'yata a hannunsa lokacin da kowa ke gudun gidana. Wannan ba ya gogewa. Wancan ma ba ya gogewa. Su biyun nake ɗauke da su, kuma ban san wanda ya fi nauyi ba.

Na tara 'yan gidana na gaya musu. Ranar da na mutu kada a kaɗa mini take, ba ni da shi. A kai ni shiru. Faifan yana cikin tsummansa a rumbuna, a sa mini shi a kabari, kusa da hannun dama. Ba a taɓa binne mutum da faifai a Ƙarfi ba, to za a fara. In na isa inda Tanko yake, zan miƙa masa, in tsaya in ji abin da zai ce.