Dunƙulen Hannu a Kan Layi Biyar

A gidan mahauta aka haife ni, a Tishigu, amma wuƙa ba ta taɓa zama a hannuna ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sau biyu ya gwada ni a rumfarsa ta kasuwa. Da ya ga yadda nake yankan nama kamar ina ba shi haƙuri, sai ya ce, "Tafi makaranta, kai kam ba ka da rabo a nan." Haka na zama malamin kiɗa a wata sakandare da ke Sagnarigu, ina koya wa ɗalibai karanta rubutun kiɗa, wato ɗige-ɗige a kan layi biyar.

Akwai wani tsohon makaɗin kalangu, aminin mahaifina, da muke ce wa Baba. Tun ban san kaina ba shi ke yi wa mahautan unguwarmu kiɗa. Kowane gidan mahauta da takensa, kuma duk a cikin kan Baba suke, babu ko ɗaya a wani wuri. 'Ya'yansa maza biyu, ɗaya yana jan yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, a cikin gari, ɗayan yana kudu yana sayar da wayoyi. Ranar da na ga kofin koko yana rawa a hannunsa, na san tsufa ya cim masa. Na ce, "Baba, ka ba ni kiɗan nan in rubuta shi a kwamfuta, kada ya ɓace."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ticha, kiɗa ake rubutawa? Laya ce?"

Na yi ta magiya har ya gaji. Daga ƙarshe ya ce zai ba ni take ɗaya tak, na gidanmu. In rubuta, in nemo wanda bai taɓa jin sa ba, ya kaɗa daga takarda. In ya gane kayansa, zai ba ni sauran duka. "In kuwa ban gane ba, ka ƙyale ni in tafi da abina."

Ya kaɗa, na naɗa a waya sau uku, na koma gida ina cika baki. Ashe ban san dawan garin ba. Manhajar da nake rubutun kiɗa da ita don fiyano da gogen Turawa aka yi ta. Shi kuwa kalangu da hammata yake magana: ka matse tsarkiyarsa murya ta hau, ka saki ta sauka. Na duba kaf alamomin da ke ciki, ɗaruruwa, babu ko ɗaya da ke cewa "matse da hammata". Wanda ya yi manhajar nan, na rantse, bai taɓa rataya kalangu ba.

Allah ya taimake ni na gano akwai inda mutum zai shigar da zanensa na kansa. Me ɗan mahauci zai zana in ba ƙugiyar rataye nama ba? Ƙugiya a tsaye, matse. Ƙugiya a kife, saki. Na jera su a saman ɗige-ɗigen, suka yi kyau abinsu. Na kai shagon buga takardu, sai ga shafi ya fito duk ƙugiyoyina sun zama ƙananan akwatuna, don kwamfutar shagon ba ta san su ba. Mai shagon ta ɗaga takardar ta ce, "Ticha, jarrabawa ce, a cike gurbi?" Ita ta koya mini in rufe aikin a PDF kafin in baro gida.

Abu ɗaya ya rage. A tsakiyar taken akwai wani shiru. A naɗin farko gajere ne, a na biyu ya ɗan ja, a na uku har na zaci Baba ya manta. Na ce tsufa ne, na raba gardama, na sa alamar hutu ta bugu huɗu. Na ɗauki laftof na kai masa, na sa ta kaɗa. Da ta iso wurin, ta ƙirga huɗunta ta wuce abinta.

Baba ya ja tsaki. "Injin nan ba shi da tarbiyya."

"Baba, ai hutu ne."

"Hutun me? Noma na yi? Kira ne! Kalangu ya kira mai take, sai ka tsaya. Ko yana auna nama, ko yana ciniki, kana nan riƙe da gular kiɗanka a sama har ya dunƙule hannu ya yi maka jinjina. Sannan ka sauka. Ka wuce bai amsa ba, ka ci mutuncinsa a gaban kasuwa."

Kunya ta kama ni, ni da ake ce wa malamin kiɗa. Turawa suna da wata alama mai kama da ido da gira, ma'anarta makaɗi ya ja yadda ransa ya so. Amma nan ai ba makaɗi ke da iko ba. Dole na zana tawa: dunƙulen hannu. Asabar guda na ɓata a kai. Zanen farko, maiɗakina ta leƙo ta ce, "Doya kuma a cikin kiɗa?" Sai a na biyar ya yi kama da hannun mutum. A ƙasan shafi na rubuta da Turanci: ka tsaya a nan, kada ka ci gaba sai mai take ya ɗaga hannu.

Wanda na samo don gwajin abokin aikina ne, mutumin Kumasi, gwanin karanta rubutun kiɗa, kuma yana kaɗa dondo a cocinsu, wato ɗan'uwan kalangu na mutanen kudu. Na ba shi takardar da aron kalangu, ban bari ya ji naɗin ba ko sau ɗaya.

Ranar gwaji, bayan la'asar, muka hallara a ƙofar gidan Baba. Labari ya bazu, mahauta kusan goma suka zo kallon yadda takarda za ta kunyata ni. Mutumin Kumasi ya jingina shafin a kan benci, ya gyara rataya, ya fara. Kai! Ƙugiyoyina suka yi aiki. Baba ya lumshe ido, babban yatsan ƙafarsa yana motsi. Ni kuwa kaina a sunkuye, ina bin tawa takardar da yatsa.

Sai kiɗa ya tsaya cak. Wuri ya yi tsit, har ana jin babura a bakin titi. Na ɗago na ga mutumina tsaye, gula a sama, gumi yana bin wuyansa. Na ƙifta masa ido ya ci gaba, kada Baba ya ce ya ɓata. Ya girgiza kai, ya nuna mini takardar da haɓa. Wayyo ni! Da hannuna na rubuta dokar, amma ko kaɗan ban yi tunanin wanda zai amsa ba. A raina taken mahaifina ne, shi kuma shekararsa shida a ƙasa. Na ce shi ke nan, na kashe kaina da kaina.

Baba ya buɗe ido ɗaya. "Ticha, wa kake tsammani yake jira?"

Na waiga ina duban mahautan da ke wurin.

"Ba kai ne babba a gidan ba?"

"Baba, ni ai ba mahauci ba ne."

"Take na gida ne, ba na wuƙa ba. Ɗaga hannunka, kada hammatar baƙo ta ƙage."

Na saki takardar ta faɗi, na dunƙule hannu na ɗaga. Gula ta sauka, kalangu ya ɗauka, mahauta suka kaure da ihu suna bubbuga bayana. Dariya nake yi, hawaye kuma yana zuba, ban ɓoye ba. Tunda nake ba a taɓa kira na da kiɗa ba sai ranar.

Baba ya bari hayaniya ta lafa, ya miƙa hannu ya karɓi takardar mutumin Kumasi, ya juya ta, ya ninke, ya sa a aljihu.

"Gobe bayan azahar ka zo da wayarka," in ji shi. "Da gidan Sarkin Fawa za mu fara."