Wutsiyar Dutsen Guga

Duk layinmu babu mai kiran babana da sunansa na gaskiya. Ja-mu-gani ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. In ya shiga gidanka, kafin ya gama amsa gaisuwa idonsa ya riga ya sauka a kan wayar fankarka. Sai ka ga ya miƙe, ya zare filogi, ya kama wayar daidai inda ta shiga jikin fankar, ya ce, "Bari mu ja mu gani." Ya yi wa butar maƙwabta, ya yi wa injin mai aski, har a ɗakin jiran likita ya taɓa yi wa talabijin, ni kuwa ina gefe kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutane dariya suke yi. Ni ban taɓa yi ba, don na san abin da yake nema.

A wani ƙaramin kamfani yake aiki, inda ake harhaɗa dutsen guga da butar lantarki. Shi ke zana mahaɗin waya, ɗan baƙin abin nan da bai kai babban yatsa ba, wanda ke bayan dutsen guga inda waya take shiga. Aikin mahaɗin ya sada wayar da cikin dutsen, kuma ya riƙe ta, yadda ko an fizge ta jan ba zai kai ga kusoshin ciki ba. Maigidansu kullum waƙarsa ɗaya ce, a ƙara ƙanƙanta shi, a rage roba. Baba kuwa yana da wani ƙarfe mai nauyi da yake ratayawa a jikin kowace waya, ya tsaya ya ga ko za ta zame. In ba ta zame ba ya ƙara nauyi.

Ban isa shiga makaranta ba lokacin da Inna ta rasu. Da hantsi ne. Ina zaune a ƙarƙashin teburin guga, don nan ne wurin zamana, ina kallon ƙafafunta. Ta yayyafa wa farar rigar Baba ruwa har siminti ya jiƙe, ita kuma ba takalmi a ƙafarta. Ta goge hannun riga ɗaya. Ban ji ihu ba. Wani ƙauri na ji kamar an jefa roba a wuta, sai na ga yatsun ƙafarta sun dunƙule. Maƙwabciyarmu ce ta shigo aron tsintsiya ta gan ta, ta ruga ta kashe wutar gidan, amma mai aukuwa ta riga ta auku.

Ba da daɗewa ba kafin ranar, Baba ya gyara wannan dutsen da hannunsa.

Kowa ya ce masa kwana ne ya ƙare, ya ce haka ne. Amma tambaya ɗaya ta maƙale masa a wuya kamar ƙayar kifi: kusar da ya ɗaura ce ta kwance? Shi ya kashe ta? Ya ɗauki dutsen da rigar ya kulle su a ƙasan kabad ɗin falo, ya zura makullin cikin zoben makullansa. Mutumin da babu kayan wutar da bai kwance ba a unguwar nan, wannan ɗaya ya kasa. Amsar tana nan kusa da ƙafarsa duk lokacin da ya zauna shan shayi, kuma tsoronta yake ji.

Haka muka zauna, ni da shi da Goggo, ƙanwarsa da ta dawo don ta raine ni. Teburin guga bai matsa daga kusurwarsa ba, kuma ba a ɗora masa ko kofi. Wani lokaci da rana tsaka sai Baba ya ajiye cokali, ya ɗaga hanci.

"Kun ji?"

"Me kuma, Yaya?" in ji Goggo.

"Ƙauri."

Sai ya bi soket ɗaya bayan ɗaya yana sunsuna, yana taɓa bango da bayan hannu. Goggo ta ce, "Yaya, don Allah ka bar baiwar Allah ta kwanta. Babu abin da ke ƙonewa sai abincinka da ke hucewa." Ni kuwa wallahi wani lokacin ni ma ina jin ƙaurin, kuma daga wajen kabad yake fitowa.

A wurin aiki duk sabon mahaɗin da ya zana ya fi na baya cizo. Ya sa masa haƙora, ya sa masa kusa biyu, ya yi wani da in ya kama waya sai dai a yanke ta. Akwai 'yar robar nan mai laushi da ke leƙowa daga bayan dutse tana rakiyar waya, wadda suke kira wutsiya. Baba ya raina ta. "Wutsiya ado ce," in ji shi, "riƙo shi ne aiki." Da maigida ya ce a rage roba, ita ya fara datsewa. Duk da haka kaya suna dawowa daga kasuwa da karyayyun wayoyi. Sai ya ce mutane ne ba su da tausayi, fizga suke yi, ya koma ya ƙara nauyi a ƙarfensa.

Ni ma haka ya riƙe ni. Har na girma na koyi ɗinki na kama shago, doka ɗaya ce, babu ni babu dutsen lantarki. Dutsen gawayi ya sayo mini, mai zakara a ka. Tela guda a tsakiyar layin teloli tana fifita gawayi kamar mai gasa masara! Abokan sana'a suka sa mini suna Hayaƙi-fid-da-na-kogo. Na haƙura, har ranar da tartsatsi ya huda leshin wata mata, ta wanke ni tas a gaban jama'a ba ruwa ba sabulu. Daga nan kasuwa na wuce na sayo dutsen lantarki, na ajiye a shago. Ban gaya masa ba, kuma ban ga laifina ba.

Wata la'asar ya zo kawo mini makullin gida da na manta. Ban ji shigowarsa ba. Na gama guga, na zare filogi, na kafa dutsen a kan gindinsa. Na fizgo wayar gefe, na ɗame ta, na nannaɗe a jikin mariƙin, na soke filogin a ƙarƙashi da babban yatsa. Da na ɗago sai ga shi a bakin ƙofa, fuskarsa ta yi fari fat kamar wanda ya ga fatalwa.

Na gyara tsayuwa, na shirya faɗa. "Baba, ka yi haƙuri, amma ni ba zan ci gaba da..."

"Uwata," ya ce, murya can ƙasa. "Warware. Sake yi."

"In sake me?"

"Naɗin nan. Sake in gani."

Na warware, na sake. Idonsa na kan fizgar farko, inda wayar ta karya kwana a bakin mahaɗi.

"Wa ya koya miki haka?"

Na buɗe baki in ce babu kowa, sai tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa tunanin abin ba. Daga ƙarƙashin tebur na gan shi, kullum, in Inna ta gama guga. Na dubi hannuna a kan mariƙin kamar ba nawa ba. Na manta muryar Inna, na kusa manta fuskarta, ashe hannunta na nan tare da ni ban sani ba.

"Inna," na ce.

"Haka take yi?" ya tambaya.

"Haka take yi. Kowa ma haka yake yi, Baba. Leƙa shagon kowa a layin nan ka gani."

Ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki. Shi da safe yake fita, in ya dawo ya tarar da dutse a naɗe a kan tebur, tsaf. Bai taɓa ganin lokacin naɗin ba. Rayuwarsa duka yana gwada waya a miƙe, kamar yadda ƙarfensa ke janta, alhali a hannun masu guga lanƙwasa ta ake yi, wuri ɗaya, kowace rana, dutse na da sauran zafi.

"Rufe shagon," ya ce. "Mu je gida."

Goggo na tsintar shinkafa a falo muka shiga. Da ta ga ya durƙusa a gaban kabad ta ajiye tire ta fara salati. Makullin ya yi tsatsa, sai da ya ɗiga masa man keke. Da ƙofar ta buɗe ƙaurin nan ya fito, na gaske wannan karon, tsohon ƙauri da ya daɗe a rufe. Ya ɗora dutsen a kan teburin Inna. Ya ɗauko sukundireba, ni kuma na riƙe masa dutsen.

Ya cire murfin baya. Ya gwada kusar farko, ba ta motsa ba. Ya gwada ta biyu, ita ma gam, kamar yau ya ɗaure ta.

"Alhamdulillahi!" in ji Goggo, tana kuka. "Ka gani, Yaya? Ba kai ba ne. Duk shekarun nan a banza ka azabtar da kanka."

Ni ma na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Amma shi bai ɗago ba. Yatsansa na bin wayar zuwa waje, har ya tsaya daidai bakin ƙarfen da ya matse ta da shi. A nan fatar wayar ta tsage. Siraran zaren jan ƙarfe sun kakkarye, ɗaya ya leƙo ya lanƙwashe, ya bar baƙin tabo a jikin dutsen.

"Da can akwai wutsiya a nan," ya ce. "Ta tsufa ta tsattsage, na yanke ta na yar. Na ce ai na ɗaure da kyau, ina amfaninta."

Na ce, "Baba, naɗin ne ya karya ta."

"Ita ta naɗe, ni kuma na hana wayar inda za ta lanƙwasa." Ya share fuska da tafin hannu. "Ina ta tsoron ko ban ɗaure ba. Ashe ɗaurewar na yi, har ta wuce wuri."

Na so in ce masa ba shi ba ne, ba ita ba ce, amma ni ma na ga tabon. Na yi masa kuka, na yi wa Inna, har da haushinsa da na daɗe ina ji.

Daga ranar ya jingine ƙarfen nauyi. Ya koma zanen wutsiya, gajeriya don maigida kada ya yi ƙorafi, mai kauri a gindi, tana sirancewa zuwa baki, da tsage-tsage a jikinta kamar haƙarƙarin kifi, yadda lanƙwasa za ta rarrabu ba ta taru wuri ɗaya ba. Riƙon ma ya sassauta shi, ya cire haƙoran. Duk wadda ya zubo sai ya kawo shago ya ce, "Uwata, naɗe mu gani." Teloli suka ce to, Ja-mu-gani ya canja waƙa. Ya yi dariya, karon farko da na ga haƙoransa a kan wannan magana. Wasu wutsiyoyin sun tsage a hannuna, wasu sun yi tauri, ya koma ya sake.

Ranar da ya gamsu da guda, bai kawo shago ba. Da hantsi ya kira ni falo. Ya sa sabon dutse a kan teburin Inna, ga farar rigar a shimfiɗe, ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, hannu ɗaya a goge, ɗaya a yamutse. Ya goge simintin da tsumma har ya bushe ƙarau, ya ajiye mini silifas a gaban tebur. Da kansa ya soka filogin.

"Ƙarasa mata," ya ce.

Na sa silifas. Na ɗora dutsen a kan hannun rigar, tururi ya tashi da ƙanshin tsohon sabulun da na sani. Goggo ta toshe bakinta da gefen mayafi, shi kuwa yana tsaye dab da soket, hannunsa a kan makunni, har na gama.

Na zare filogi, na kafa dutsen a kan gindinsa, hannuna ya kai kan wayar da kansa. Sai na tsaya cak. Na kasa. Na fara tattara ta a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai.

Ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa.

"A'a, Uwata. Naɗe yadda take yi. Don hannunta na yi shi."